Tsofaffin Kayan Ƙira na Kano da Maƙeransu

Addar Ingila mai tambarin kada tana ɗauke da shaidar wanda ya ƙera ta a jikinta, wato kamfanin Ralph Martindale na Birmingham, wanda aka kafa a 1874. Tsohuwar garma ko gizago ƙirar Kano kuwa babu suna a jikinta, babu shekara. Mai neman tarihin waɗanda suka ƙera su dole ya bi ta bakin zuriyarsu, da rahoton matafiya, da ƙarfen kansa.

A kan asali, maganar ta rabu biyu. Labarin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama, ya zauna a gindin Dala, zuriyarsa su ne Abagayawa. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya fassara a 1908, ya fi mayar da hankali kan Barbushe da zuwan Bagauda. Abin da ya fi su duka ƙarfi shi ne gawayin da aka tono a wurin narka tama a Dala, wanda awo ya kai shi wajen ƙarni na 7. Ashe wutar maƙera ta girmi sarautar Bagauda da ɗaruruwan shekaru.

Ƙarni na 19 ne aka fi sani. Aikin hannu uku ne: masu narka tama a ƙauyuka, maƙeran baƙi, sai masassaƙan da ke yin ƙota. Maƙeran fari, masu azurfa da tagulla, layinsu daban. Maƙerin baƙi a zaune yake aiki, uwar maƙera kafe a ƙasa gabansa, yaro na zuga da zugazugin fatar akuya, gawayin ƙirya na ci. Da masaba da awartaki yake fitar da fartanya, garma, lauje, gatari, da gizagon da masassaƙi zai fafe turmi da shi. Har kayan aikinsa shi ke ƙera abinsa, ɗa kuma ya gada, shi ya sa masabar da ke hannun jika kan girme shi nesa ba kusa ba. Sarkin Maƙera ne ke tsakaninsu da fada, ta hannunsa ake neman masu da kibau idan yaƙi ya taso.

Bature matafiyi Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ce ƙarfen garin bai kai na Mandara kyau ba, kuma ya ga ruwan takobi na Solingen da allurai na Nuremberg a kasuwa. Wannan shaida tana da amfani ga mai riƙe da takobin gado: sau da yawa ruwan na Jamus ne, ƙota da kube ne na gida. Kayan noma dai ƙirar gida ne tsantsa, domin kowane yanki da irin lanƙwasar da ƙasarsa ke so.

Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Noman gyaɗa ya ƙara buƙatar garma, amma ƙarfen Turai da tarkacen reluwe, daga baya sifirin mota, suka kashe narka tama a hankali. Wannan sauyi ne masani Philip Jaggar ya bi diddigi a bincikensa na shekarun 1970, wanda ya fito littafi a 1994. Maƙeran da ya zauna da su suna cikin na ƙarshe da suka ji labarin aiki da ƙarfen tama daga bakin waɗanda suka yi shi.