Masu Ƙidayar Tsuntsaye a Fadamar Haɗeja da Nguru

Tun kafin wani ya rataya kyamara a wuya ya nufi ƙauyen Dagona, mutanen fadamar Haɗeja da Nguru suna kallon tsuntsu, sai dai kallo ne na mai neman abinci. Manomi idonsa na kan shamuwa: ranar da ta sauka a kan tsamiyar gari, to a fito da iri, damina ta ƙarato. Masunci na lura da inda zalɓe ya kafe. Maharbi kuwa sai ya ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana gyaɗa kai har ya cim ma dinya. Da mu masu ɗaukar hoto muna da rabin haƙurinsa, da mun huta da sayen dogon gilashi mai tsada.

Kallo don ƙidaya baƙo ne, fari ne kuma ya jawo shi. A 1969 masu kallon tsuntsaye a Ingila suka jira wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke zuwar musu yin sheƙa kowace shekara, sai kaɗan suka dawo. Da aka bi sawu, ashe a ƙasashenmu na bakin Sahara yake cin rani, kuma damina ta gaza. Daga nan Turawa suka gane tsaron tsuntsu a gida kaɗai ba ya wadatarwa in masaukinsa na nan ya bushe.

Masaukin kuwa yana cikin bushewa. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke malala a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Chadi. A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 ta Challawa, ambaliyar da ke cika tafkuna a ƙarshen damina ta ja da baya. A tsakanin nan, a 1987, aka kafa shirin kare fadamar, da hannun ƙungiyar NCF ta Najeriya da RSPB ta Birtaniya da IUCN. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a ƙasar Bade yana shugaban ƙungiyar WWF. Daga baya wurin ya shiga gandun dajin ƙasa na Chad Basin. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne suka fara shiga jerin Ramsar na fadamun duniya masu muhimmanci daga Najeriya, a 2000.

Zuwan Yarima shi ake yawan ba da labari, amma a ganina babban abin da shirin ya bari lissafi ne. Waɗanda suka zo ƙirga agwagi sai suka ɓuge da ƙirga buhunan shinkafa da kifi da itace, suka nuna ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani a kan wanda aka tare don noman rani a Kadawa. Tsuntsu ya zama shaidar talaka ke nan. Ko an saurari shaidar, wannan wata magana ce.

Janairu ake yin babbar ƙidaya, amma ni na fi son Maris, farkon bazara. Hazo ya ragu, ruwa ya tsuke, tsuntsaye sun taru wuri guda, baƙin kuma suna ta ƙiba don ƙetare Sahara. Da asuba za ka shiga kwalekwale. Mai fito zai ce, "Malam, sunkuya, kada ka nuna su da hannu," ya saki sanda ya bar jirgin ya sulale. Can ga wata ƙaramar agwagwa, namijin da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya kamar an ja masa alli; nan da 'yan makonni yana tafkunan Rasha ko gabashin Turai. Kusa da shi kirinjijiya ce, 'yar gida, tana fito ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Kafin hantsi ya ɗaga zafi ya fara sa iska rawa, hoto ba ya fita, sai a juya.

Komawar ma aiki ce, saboda kachala. Tun da madatsu suka sa ruwa ya daina hawa da sauka irin na da, ya koma kwanciya shekara cur a wasu mashigai, wannan ciyawa ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin jirgi, ta cinye gonakin shinkafa, ta kuma zama makwancin jan baki, wanda garkensa ke share gonar gero ko ta shinkafa a 'yan kwanaki. Shi ya sa in ka sauka a ƙauye da kyamara, tambayar farko da dattijo zai yi maka ita ce ko gwamnati ce ta aiko ka a kan jan baki, kuma yaushe jirgin feshi zai zo.