Tarihin Hoton Barkwanci Mai Rubutu

Hoton barkwanci mai rubutu shi ne hoton da ake ɗora wa 'yan kalmomi don a ba da dariya, a tura wa wani, shi kuma ya sauya kalmomin ya tura gaba. Yana daga cikin abin da ake kira mim, kalmar da masanin halittu Richard Dawkins ya ƙirƙiro a 1976 cikin littafinsa The Selfish Gene, yana nufin ɗabi'a ko tunanin da ke yaɗuwa ta hanyar kwaikwayo.

Al'adar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun wajajen 1870 wani mai ɗaukar hoto a garin Brighton na Ingila, Harry Pointer, yake zaunar da kyanwoyinsa kamar mutane, ya ɗauke su, ya rubuta musu magana a ƙasan kati ya sayar. A farkon ƙarni na 20 Harry Whittier Frees na Amurka ya ƙara da sa wa dabbobin tufafi. Sai dai a wancan zamani mai hoto shi ne mai magana. Wanda ya sayi kati iyakarsa ya yi dariya ya ajiye.

Abin da intanet ta kawo shi ne ƙwace maganar daga hannun mai ita. Wajajen 2005 masu amfani da shafin 4chan suka mai da Asabar ranar tura hotunan kyanwa, da rubutu cikin gurɓataccen Turanci na ganganci, wai haka kyanwa za ta yi magana da tana da baki. A Janairun 2007 Eric Nakagawa da Kari Unebasami suka buɗe shafin I Can Has Cheezburger na irin waɗannan hotunan, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da masu zuba jari suka saye shi a kan kusan dala miliyan 2. Wasa ya zama sana'a.

Kamannin da aka fi sanin hotunan da shi a lokacin, wato manyan haruffa farare masu baƙin gefe, layi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba wani gwani ne ya tsara shi ba. Salon harafin, mai suna Impact, Geoffrey Lee ne ya zana shi a 1965 don allunan talla da kanun labarai. Ya yi tashe ne saboda Microsoft ya raba shi kyauta, kusan kowace kwamfuta tana da shi, ga shi da kauri, ana iya karanta shi a kan kowane irin hoto. Layin sama ya ɗana tarko, na ƙasa ya kama mai karatu.

Daga nan fuskoki suka yi ta zuwa suna wucewa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa ita ce Kabosu, wata karya 'yar Japan da aka ɗauki hotonta a 2010 tana kallon gefe, ta zagaye duniya a 2013 da sunan Doge. Har kuɗin intanet aka yi da fuskarta, Dogecoin, wanda shi ma da zolaya aka fara shi. Ta mutu a Mayun 2024.

Nijeriya ma ta ba da nata. Wajajen 2019 hotunan Osita Iheme, wato Pawpaw na finafinan kudu, suka cika Twitter, mutanen da ba su taɓa kallon fim ɗinsa ko ɗaya ba suna aron fuskarsa su faɗi takaicinsu. A WhatsApp kuwa, tun da aka shigo da sitika a 2018, Hausawa suka koma ga finafinan Kannywood suna yanko fuskokin 'yan wasan barkwanci. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014, amma har yau idan wani ya yi katoɓara a zaure, akan sami mai ba shi amsa da fuskar marigayin.