Daga Kwalba Zuwa Ƙwaya: Yadda Doka da Farashi Suka Sauya Shaye-shayen Ɗalibai a Zariya

Tudun Wada ta Zariya unguwa ce da tsarin mulki ya haifa. Bayan Turawan Ingila sun kama Zazzau a 1902, sai suka kasa zaman garin gida-gida. Birni da ke cikin ganuwa ya ci gaba da zama na 'yan ƙasa, Sabon Gari ta zama masaukin 'yan Kudu da jirgin ƙasa ya kawo, aka kuma ware Tudun Wada, wajen Ƙofar Doka, domin baƙi 'yan Arewa. Daga baya makarantu suka kewaye ta: Barewa ta wajen Gaskiya, harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da tsohon asibitin koyarwa kafin a mai da shi Shika. Wannan ya sa unguwar ta dace da nazarin wata tambaya da ke damun iyaye da malamai: me ke sa ɗalibi ya faɗa shaye-shaye? Tarihin shekaru fiye da 100 ya nuna cewa doka da farashi ba su taɓa kashe sha'awar maye ba, amma su ne suke zaɓa wa matashi abin da zai sha da inda zai same shi. Duk lokacin da aka toshe hanya ɗaya aka bar wadda ta fi ta arha a buɗe, can ake komawa.

Hana barasa a Arewa ya girmi Nijeriya kanta. Yarjejeniyar Barasal ta 1890 ta hana kai barasar Turai yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuma ya ɗabbaƙa haka a Arewa, ya sami goyon bayan sarakuna saboda hanin ya zo daidai da addini. Dokar barasa ta 1917 ta raba ƙasar shiyya-shiyya, ta sa Arewa cikin wuraren da aka hana. Sai dai an bar kafa, domin Bature da baƙon ma'aikaci daga Kudu suna iya sha da takardar izini. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano ta Zariya a 1912, fasa-ƙwaurin kwalabe ya sami hanya, kuma masanin tarihi Simon Heap ya nuna yadda wasu jami'an mulkin mallaka da kansu suka riƙa ɗaukar hanin tamkar wasan yara. Duk da haka hanin ya yi aiki ta wata fuska: ya sa barasar Turai ta yi tsada, ya kuma killace ta a Sabon Gari da barikin Turawa. Talakan da ke son maye ya tsaya ga burkutu da fito. A Kudu ma, da haraji da karyewar tattalin arziki na shekarun 1930 suka ɗaga kuɗin barasar da ake shigowa da ita, sai dafa ogogoro a ɓoye ya bazu.

Bayan samun mulkin kai, dokar hukunta laifuka ta Jihar Arewa da ta fara aiki a 1960 ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya. A daidai wannan zamani aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka kuma kafa masana'antar giya a Kaduna a 1963, ga masana'antar taba a Zariya tun kafin nan. Wato doka tana hani, kasuwa tana kusanto da kaya. Ɗalibin shekarun arzikin man fetur yana da ɗaki a makaranta da abinci mai rahusa, sau da yawa har da tallafin karatu daga jiharsa, don haka kwalbar giya ba ta fi ƙarfin aljihunsa ba. Abin da ke tsare yawancin yaranmu a lokacin shi ne imani da kunya, domin giya tana da wari, mashaya kuma fili ce da kowa ke ganin mai shiga. Ita kuwa wiwi, gwamnatin soja ta auka mata da dokar 1966, wadda ta tanadi aƙalla shekara 10 a kurkuku ga mai sha. Tsananin bai kawar da ita ba, har aka sassauta dokar a 1975.

Shekarun 1980 ne suka juya al'amarin. An janye ciyar da ɗalibai mai rahusa a jami'o'i, sannan shirin tsuke bakin aljihu na Babangida ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, albashin iyaye ya zama ba ya kai wata. Yawan ɗalibai ya fi ƙarfin ɗakunan kwana, dubbai suka koma haya a Tudun Wada, Gyallesu da Samaru, inda babu idon makaranta, babu na iyaye. Gwamnati ta amsa da ƙarfi: dokar Buhari ta 1984 ta kai ga harbe mutum uku a 1985 kan safarar hodar ibilis, aka kuma kafa hukumar NDLEA a 1989. Amma hodar ibilis ba ta taɓa zama matsalar ɗan makarantar Zariya ba, don ba shi da kuɗinta. Matsalarsa tana kan kantar kemis ɗin unguwa: ƙwayar hana barci don karatun jarrabawa, ƙwayar sa barci bayan an gama, sai ƙwayar roci da maganin tari na benelin. Da Jihar Kaduna ta fara aiki da shari'a a 2001 a yankunan Musulmi, sayar da giya ya ƙara takura. Maganin tari mai kodin kuwa ba shi da wari, ana juye shi cikin lemon kwalba, mace ma tana iya sayensa ba a tuhume ta ba.

Girman ɓarnar ya fito fili a 2018. Kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da bincikenta kan cinikin kodin, Ministan Lafiya Isaac Adewole ya hana yin maganin tarin mai kodin da shigo da shi, ranar 1 ga Mayu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekara guda: miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Hanin ya ɗaga kuɗin kodin ƙwarai, ya fitar da shi daga hannun da yawa. Sai dai tiramol mai ƙarfin miligiram 225, wanda ya ninka abin da likita ke rubutawa, ya ci gaba da samuwa da arha, da aka matsa masa kuma wasu ƙwayoyin daga Indiya suka maye gurbinsa. Haka barasar leda ta rushe katangar farashi, har hukumar NAFDAC ta yi yunƙurin hana ta a 2024, masu masana'antu suka yi ca.

Wani zai ce duk wannan lissafin 'yan boko ne, haramun haramun ne ko da kyauta ake bayarwa, maganin kuma tarbiyya ce. Babu mai musun matsayin tarbiyya, ita ce ta tsare mafi yawan ɗalibai har yau. Amma yaro ɗan shekara 18 da ya bar gida karon farko, tarbiyyarsa tana fuskantar gwaji daban idan abin maye yana bakin ƙofarsa a kuɗin da bai kai na faranti ɗaya na abinci ba. Shari'a kanta ta san toshe kafar ɓarna kafin ta auku. Wani kuma zai ce tunda hani yana tura mutane ga abin da ya fi muni, a sakar wa kowa mara. Alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Binciken nan na Hukumar Ƙididdiga ya nuna cewa a Kudu maso Yamma, inda giya ke ko'ina, kashi 22.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 12. Yawan giya bai kare kowa daga ƙwaya ba. A Sikotilan, da aka sa mafi ƙarancin farashi ga barasa a 2018, bincike ya nuna mace-macen da take jawowa sun ragu da kusan kashi 13 cikin 100. Doka tana aiki. Aibin namu shi ne muna bin kaya ɗaya bayan ɗaya, kullum bayan ɓarna ta riga ta yaɗu.

Saboda haka abin da tarihin Tudun Wada ke nema a wurinmu a bayyane yake. A daina auna nasara da yawan yaran da aka kama, a auna ta da wahalar samun kayan da tsadarsu. A bi manyan dillalai da shagunan magani marasa rajista da ke kewaye da makarantu, a hana sayar da ƙwayoyin nan sai da takardar likita, a tsaya kan hana barasar leda. Makarantu su ƙara ɗakunan kwana, su buɗe wurin ba da shawara inda ɗalibin da ya kamu zai je ba tare da tsoron kora ba, domin wanda aka katse wa kodin aka bar shi ba magani, wata ƙwayar zai nema. Masu unguwanni, limamai da masu gidajen haya su ma suna da nasu rabon aikin, tunda su suka san shagon da ke sayarwa. Iyayen da suka turo 'ya'yansu Zariya neman ilimi amana suka ba garin, kuma haƙƙi ne a kan hukuma da jama'a su tsare ta.