Karofi da Ƙwayoyin da Marini Ke Kiwo

Rawanin turkuɗi da Buzayen Imanan ke shigowa da shi kasuwar Filinge, mai bar musu shuɗi a goshi, aikin ƙasar Kano ne, musamman Kura, fatake suka riƙa kawo shi Kurfai, ƙasar da Filinge take. Da matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851 ya tarar rinannun tufafin birnin na kaiwa har Tumbuktu. Marinar Ƙofar Mata kuwa an ce tun 1498 take.

Ni abin da ke cikin ramin ya fi ɗaukar hankalina. Baba ba ya narkewa a ruwa, ko shekara zai yi. Marini kan zuba shi a karofi da toka da katsi, ya yi kwanaki yana motsawa, yana duban kumfa, yana sunsunawa, har ruwa ya nuna. Ashe kiwo yake yi. A can ƙasa inda iska ba ta kaiwa, ƙwayoyin bakteriya masu son ruwan toka suna cin ruɓaɓɓen ganye, suna sauya baba ya narke ya ratsa zare. Da an ɗago zane ya sha iska, sai shuɗi ya dawo ya kama. Sai a 1999 masana a Ingila suka raɗa wa ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi suna, Clostridium isatidis. Kafin nan baban kanti, da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, ya riga ya sa karofi da yawa sun bushe.

Ba a karofi kaɗai ƙwayoyi ke irin wannan aiki ba. A 1983 tsuntsayen tafkin Kesterson a Kalifoniya suka riƙa ƙyanƙyashe nakasassun 'ya'ya, saboda ruwan ban-ruwa ya wanko sinadarin seleniyom daga gonaki. Masanin ƙwayoyi Ronald Oremland da abokan aikinsa suka samo ƙwayoyi daga laka, har da ta tafkin Mono, mai ruwan kanwa irin wadda ake dafawa a Dallol Bosso. Ƙwayoyin nan numfashi suke yi da seleniyom ɗin, su mai da shi jajayen dunƙuloli masu faɗin 'yan ɗaruruwan nanomita, waɗanda ba sa narkewa, gubarsu kuma ta ragu ƙwarai.

Aikin ƙwayoyin ɗaya ne, buƙata ce ta bambanta: marini na so abu ya narke ya shiga zare, injiniya na so guba ta daskare ya tace ta daga ruwa. Inda za a tambaye ni, da lakar tsohon karofi zan ce ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai su fara bincike.