Badagry: Garin Shaƙatawa Da Tarihi A Bakin Tekun Legas

Badagry gari ne da ke yammacin jihar Legas, a kan hanyar zuwa iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. Garin yana gefen wani ruwa mai kwanciya, wanda siririn tudun yashi ya raba shi da Tekun Atlantika. Iyalai kan yi tururuwa zuwa can a hutun Sallah da na Kirsimeti.

A bakin teku, musamman wurin da ake kira Suntan, baƙi kan zauna a rumfuna ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, suna cin gasasshen kifi, yara kuma na hawan doki ko buga ƙwallo a kan yashi. Iyo kuwa sai da hattara: igiyar ruwan gaɓar Legas tana da ƙarfi, takan ja mutum ciki ko da ya iya ninƙaya, don haka ba a sakin hannun yaro a bakin ruwa.

Abin da ya bambanta Badagry da sauran wuraren shaƙatawa shi ne tarihinta na cinikin bayi. Masu ziyara kan tsallaka da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, su taka da ƙafa hanyar da aka riƙa kora bayi har bakin teku, inda ake loda su a jiragen ruwa. A cikin gari akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake ɗauka a matsayin bene na farko a Najeriya.

An fi jin daɗin ziyara tsakanin Nuwamba da Maris, kafin damina ta kankama.