Hannun Ɗan Barga: Tarihin Tausa da Kula da Dawakin Wasa

Gabatarwa

A ranar hawan salla ko wasan ƙwallon dawaki, mahayi ake kallo, shi ake yi wa kirari. Ba kasafai ake tuna wanda ya tashi da asuba ya shafa bayan dokin, ya murza ƙafafunsa, ya duba kofatonsa ba. Wannan maƙala za ta bi sawun aikin wannan mutum a tarihi, domin a nuna cewa tausar da ake yi wa dawakin wasa a yau tsohon ilimi ne, kuma bargar Bahaushe tana da kasonta a ciki.

Tausa a Wajen Mutanen Da

Daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka iso mana a kan doki akwai na Zenofon, jarumin ƙasar Girka da ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ya shawarci mai kiwo da ya fara gyaran doki daga kai da geza, sa'annan ya gangaro. Ya hana a taɓa gadon baya da wani makami, sai dai a shafa shi da hannu, tunda nan ne mazaunin mahayi.

A ƙasar Sin kuwa, ana danganta sanin doki ga Bo Le, wanda aka ce ya yi wa sarkin Cin hidima a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Likitocin Sin sun ɗauka akwai hanyoyi a jikin dabba da ƙarfin rai ke bi, kuma akwai wuraren da in an soka allura ko an danna da yatsa, ciwo zai lafa. A shekarar 1608 wasu 'yan'uwa biyu, Yu Benyuan da Yu Benheng, suka fitar da littafin maganin dawaki wanda ya daɗe yana zama madogara a can. Musulmi ma ba a bar su a baya ba. A Masar, a ƙarni na 14, Abubakar ibn Badar, likitan bargar Sarki Nasir Muhammad ibn Ƙalawun, ya wallafa Kamilus Sina'ataini a kan horar da dawaki da yi musu magani.

Bargar Bahaushe

A ƙasar Hausa doki ƙarfin sarauta ne. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Dokin da zai ɗauki wannan nauyi kuwa dole a san yadda za a huce masa gajiya. Shi ya sa fada ta ware sarautar Shamaki don kula da barga, da muri da yaransa masu ɗebo ciyawa, masu wanka da shafa da fita kilisa. Sunan masu kiwon Arewa ya kai har Kudu: masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980, ya nuna cewa daular Oyo daga Arewa take samun dawaki, kuma yawancin masu kula da su bayi ne 'yan Arewa, har da Hausawa. Dalili shi ne cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa ba ta barin doki ya yi tsawon rai a kurmi.

Hikimar barga ta fi bayyana a yadda take tafiya da yanayi. Da damina akan tayar da hayaƙi a barga don korar sauro da ƙudaje, a cire kaska, a gyara turke kada danshi ya ruɓar da kofato. Ɗanyar ciyawa ma da sannu ake sabar wa doki da ita, domin doki ba ya amai, ciwon ciki kuwa yana iya kashe shi a dare ɗaya. Da kaka a tara harawar wake da ta gyaɗa. Da hunturu a lulluɓe shi da dare, a kiyaye shi daga ƙurar da ke jawo tari. Da bazara a yi kilisa da sanyin safiya, a wadata shi da ruwa da dusa da kanwa. Binciken zamani ya tabbatar da cewa doki yana zubar da gishirin jiki mai yawa ta hanyar gumi.

Daga Fagen Fama Zuwa Filin Wasa

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, aikin doki a yaƙi ya ƙare, ya koma ga hawa da sukuwa da folo. An fara folo a Legas a 1904, kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa. Dokin folo yana sheƙa gudu, ya tsaya cak, ya juya, har na tsawon minti 7, don haka kafaɗa da baya da cinya suke shan wuya. A 1924 aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, likitan boko ya shigo barga.

A Amurka, Jack Meagher ne ya mayar da tausar dawaki sana'a mai zaman kanta. Ya yi aiki da mahayan ƙasarsa a wasannin Olamfik na Montreal a 1976, ya kuma koyar da cewa a sassauta tsokar da ta ɗaure tun kafin ta yage. Bahaushe dai ya riga ya ce rigakafi ya fi magani.

Sai dai gaskiya ɗaya ce. Tausa tana kwantar wa doki da hankali, tana kuma sa mai kiwo ya gano kumburi ko zafi da wuri. Amma hanyoyin ƙarfin rai da likitocin Sin suka zana, masu fiɗa ba su gan su a jikin dabba ba. Haka nan babu tausar da ke warkar da sammore ko karaya. Wasu dabarun da, kamar lalas da ƙarfe mai zafi, azabarsu ta fi amfaninsu, barinsu ya fi.

Kammalawa

Girkawa da Sinawa da Larabawa sun rubuta nasu, shi ya sa muke iya kiran sunayen masanansu bayan ɗaruruwan shekaru. Namu yana hannun tsofaffin barga, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu yana tafiya da sunayen cututtuka da na magunguna da na launukan dawaki. Ɗalibin Hausa da ke neman abin nazari, idan ya je gida hutu, ya ɗauki alƙalami da rakoda ya tafi turke, ya gaida baba muri, ya zauna ya saurara tun yana da mai gaya masa.