Tarihin Horar da Tsokokin Numfashi Kafin Dashen Zuciya

Horar da tsokokin numfashi kafin tiyatar zuciya ya samo asali ne daga darasin da huhu ya koya wa likitoci. Ranar 3 ga Disamba, 1967, Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko daga mutum zuwa mutum a asibitin Groote Schuur da ke Afirka ta Kudu. Zuciyar ta kama aiki, amma bayan kwana 18 nimoniya ta yi ajalin majinyacin, Louis Washkansky. Wanda aka tsaga wa ƙirji yakan ji tsoron jan dogon numfashi da yin tari saboda zafin ɗinki, sai majina ta taru, huhu ya kamu.

A 1976 masu bincike Leith da Bradley suka nuna a Amurka cewa tsokokin numfashi, musamman tantanin da ya raba ƙirji da ciki, suna ƙara ƙarfi idan aka horar da su. A 1995 Donna Mancini ta gwada hakan a kan masu gazawar zuciya, haki ya ragu musu. A 1997 Lawrence Cahalin ya kai horon ga masu jiran dashe, waɗanda doguwar jinya ta raunana.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Utrecht ta ƙasar Holan a 2006, inda aka yi gwaji da mutum 279 masu shirin tiyatar jijiyoyin zuciya. Majinyaci yakan toshe hanci, ya kama bakin wata 'yar na'ura da leɓe, ya ja iska da ƙarfi har murfin cikinta ya buɗe, minti 20 kullum, aƙalla mako biyu. Matsalar huhu ta sami kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka horar, ta kuma sami kashi 35 na sauran.

A Najeriya an fara tiyatar buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, kuma horon numfashi aikin ma'aikatan sashen gashi ne. Na'urar ba ta buƙatar lantarki, saboda haka majinyaci a Tudun Wada ta Minna da ke jiran ranar tiyata a wani gari zai iya yin horon a gida, muddin likitan zuciya ya amince, ma'aikacin gashi kuma ya daidaita masa nauyin iskar.